Dokar maganin gargajiyar Indiya: wa ta kama, me ta bari a sake?

Idan ka je wajen likitan Ayurveda na ƙwarai a Indiya da ciwon ciki, ba cikin kaɗai zai duba ba. Zai kama bugun jijiyarka, ya duba harshenka, ya tambaye ka yadda kake barci, abin da kake ci, lokacin da kake ci, har da abin da ke damun zuciyarka. A fahimtarsu jikin mutum yana tafiya ne bisa sinadarai uku da suke kira vata, pitta da kapha, kuma kowa da irin haɗin da aka haife shi da shi. Lafiya ita ce daidaituwarsu tare da narkewar abinci, fitar bayan gida da natsuwar rai. Mutum biyu masu ciwo iri ɗaya na iya fita da magani daban-daban.

To yaya doka za ta yi da irin wannan ilimi? Ba ta iya auna daidaituwar rai. Abin da Indiya ta yi shi ne ta kama abubuwan da ke kamuwa: makaranta, mai magani, kwalba da talla.

Babbar dokar da ke aiki yanzu ita ce wadda majalisar ƙasar ta zartar a 2020, ta kafa Hukumar Kula da Tsarin Magungunan Indiya, NCISM a taƙaice. Ta maye gurbin tsohuwar dokar 1970, hukumar kuma ta fara aiki a Yunin 2021 a ƙarƙashin Ma'aikatar AYUSH mai kula da magungunan gargajiya, wadda ta zama cikakkiyar ma'aikata tun 2014. Fannoni huɗu ke hannunta: Ayurveda, Siddha na yankin Tamil, Sowa-Rigpa na mutanen tsaunukan Himalaya, sai Yunani. Wannan na ƙarshe ba zai yi wa Bahaushe baƙo ba, don tushensa ɗibbin Girkawa ne da ya biyo ta hannun malamai irin su Ibn Sina, ana kiran masu yin sa hakimai, kuma maganarsu ta zafi da sanyi a jiki tana kama da abin da kakanninmu ke faɗa. Yoga ba ta cikin wannan doka.

A kan mai magani dokar ta fi tsauri. Ba a shiga kwalejin Ayurveda sai an ci jarrabawar NEET, wadda masu neman likitancin zamani ma suke zaunawa. Digirin farko shekara biyar da rabi ne, har da shekarar sanin makamar aiki a asibiti, kuma ana haɗa wa ɗalibi tsoffin matanonin harshen Sanskrit da ilimin sassan jiki na zamani. Hukumar tana da sassa huɗu: biyu na tsara karatu, ɗaya na duba kwalejoji da ba su izini, ɗaya na rajista da ladabtarwa. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar jiha ko ta ƙasa ba shi da ikon yin aiki a matsayin ƙwararren likita, ko sa hannu a takardar shaidar lafiya, ko ba da shaida a kotu a matsayin gwani. Wanda ya saɓa yana iya shan ɗauri ko tara ko duka biyun.

A ganina nan dokar ta yi daidai. Tunda tsarin ya dogara ne kacokan ga idon mai dubawa, wanda zai karanci mutum ɗungurungum ya yanke hukunci, dole ne a san wanda ya koyar da shi, a kuma san inda za a kai ƙararsa.

Matsalar tana wajen kwalba. Magungunan suna ƙarƙashin wata doka ce dabam, Dokar Magunguna da Kayan Kwalliya ta 1940, wadda aka ƙara mata babi na musamman a 1964. Dokar ta jera tsoffin littattafan da ta amince da su. Duk maganin da aka haɗa daidai da yadda ya zo a ɗaya daga cikinsu, hukumar jiha na iya ba shi lasisi ba tare da irin gwajin da ake yi wa sabon maganin zamani a kan majinyata ba. Hujjar ita ce an daɗe ana amfani da shi. Akwai ƙa'idojin tsaftar masana'anta, akwai kuma jerin abubuwa masu guba da dole a rubuta gargaɗi a kansu cewa sai da kulawar likita. Amma daɗewa ba gwaji ba ce. Wani reshe na Ayurveda yana amfani da tokar ƙarafa da gangan, kuma a 2004 wani bincike a birnin Boston na Amurka ya gano dalma ko zaiba ko gubar arsenik a magani 14 cikin 70 da aka saya a shaguna. Ɗaya cikin biyar ke nan.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Ilimin da ya ce kowane mutum da nasa haɗin, shi ne ake ɗurawa a kwalba ɗaya a sayar wa miliyoyi, a ce yana "wanke jiki baki ɗaya". Da zarar an cire likitan da ke dubawa, an cire ainihin abin da ake tinƙaho da shi.

Game da talla, akwai doka tun 1954 da ta hana tallata magani da cewa yana warkar da cututtuka 54 da ta lissafa, ciki har da ciwon daji da ciwon sukari. Ba ta ware maganin gargajiya ba. Da ita aka kafa hujja lokacin da Ƙungiyar Likitocin Indiya ta kai kamfanin Patanjali mai haɗa magungunan Ayurveda gaban Kotun Ƙoli, har a 2024 kamfanin ya buga neman afuwa a jaridu.

Rigimar likitocin zamani da na gargajiya kuwa ba ta kwanta ba. A Nuwambar 2020 tsohuwar hukumar da NCISM ta gada ta ba masu digiri na biyu a fannin fiɗa na Ayurveda damar yin ayyukan tiyata iri 58. Likitocin zamani suka yi yajin aiki a watan Disamba, suna cewa wannan cakuɗa ce mai haɗari. Na gargajiya suka ce fiɗa tana cikin iliminsu tun zamanin Sushruta, wani likitan fiɗa na Indiyar da.

Mutanenmu da yawa suna zuwa Indiya jinya, wasu kuma suna sayen irin waɗannan magunguna a kasuwanninmu. Wanda ya je can yana da damar tambayar lambar rajistar likitan da jihar da ta ba shi. Wanda ya ɗauki kwalba ya duba lambar lasisin masana'anta da jerin abin da ke ciki, a Najeriya kuma ya nemi lambar NAFDAC. In yana shan maganin hawan jini ko na sukari, ya nuna wa likitansa kwalbar kafin ya haɗa su.