Tarin fuka: magani kaɗai ba ya kai majinyaci gaci

Duk ma'aikacin lafiyar da ya daɗe da masu tarin fuka ya san ƙarshen wata na biyu da fara shan magani ne lokacin fargaba. A nan ne tari yake lafawa, zufar dare ta ɗauke, jiki ya fara dawowa, sai majinyaci ya ɗauka ya warke, alhali da sauran wata huɗu a gabansa. Ƙa'idar magani wata shida ce: wata biyu na farko ana shan iri huɗu a haɗe, sauran wata huɗun a ci gaba da iri biyu. Wanda ya tsaya a hanya, ƙwayoyin cutar da suka rage a huhunsa na iya farfaɗowa, wani lokacin ma su daina jin maganin.

Da sauƙi a ce wa irin wannan mutum ba ya jin magana. Amma a zauna da shi tukuna a ji ta bakinsa. Sau da yawa lebura ne da sai ya fita yake samun na cefane, kuma duk ranar da ya je karɓar magani ranar ta tafi a banza, ga kuɗin mota. A ƙasashe da yawa maganin kyauta ne, duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin gidajen da cutar ta shiga suna asarar sama da kashi 20 cikin 100 na abin da suke samu a shekara. Kuma da zarar magani ya fara aiki, cin abinci ke fara dawowa. Mutum ya tashi da yunwa mai tsanani, tukunya kuwa babu komai.

Tarihi ma ya nuna haka. A 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a Jamus, amma sai a shekarun 1940 aka sami maganin farko mai kashe ta. Kafin nan mace-macen tarin fuka a Ingila sun daɗe suna raguwa, abin da masana da dama suke dangantawa da ingantuwar abinci da muhalli. A zamaninmu an gwada abin kai tsaye a jihar Jharkhand ta Indiya: aka riƙa ba waɗanda suke zaune gida ɗaya da majinyata tallafin abinci duk wata, kuma sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna masu kamuwa a cikinsu sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A ganina, da wata sabuwar allura ce ta yi wannan aiki, da duniya ta cika da labarinta.

Wannan ba raina aikin asibiti ba ne. Na'urar GeneXpert tana duba kaki cikin awa biyu, har ta nuna ko cutar tana jin magani. Nau'in da ba ya jin magani kuwa, wanda a da ake shekara ɗaya da rabi ko fiye ana fama da shi, tun 2022 akwai haɗin wata shida da aka amince da shi. Sai dai da duk wannan ci gaba, a 2023 mutum kusan miliyan 10.8 ne suka kamu a duniya, wajen miliyan 1.25 suka rasu. Na'ura ba ta gwada wanda bai zo ba.

Abin da ke hana zuwan, bayan talauci, shi ne tsangwama. Akwai masu ɓoye tari na watanni don gudun kora daga aiki ko mutuwar aure. Ana ware wa majinyaci kwano da kofi, alhali ta iska cutar take bi, musamman a ɗaki mai cunkoso da ba ya samun iska. Buɗe taga ya fi ware kwano amfani nesa ba kusa ba. Wanda ya riƙe maganinsa da kyau kuma, cikin 'yan makonni haɗarin ya yaɗa cutar yake raguwa ƙwarai.

Don haka idan akwai majinyaci a gida, a sami mutum ɗaya da zai tsaya masa, ya ga ya haɗiye maganin kullum, ya kuma kwantar masa da hankali idan fitsarinsa ya koma ja-ja, domin aikin ɗaya daga cikin magungunan ne. Idan kuwa idanu suka yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti nan take. Sauran mutanen gidan su je gwaji ko da ba sa tari, musamman yara ƙanana da masu ɗauke da HIV, don akwai maganin kariya da ake ba su. Duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, ya kai kakinsa a duba.