Manhajar kasafin kuɗi

Manhajar kasafin kuɗi manhaja ce ta waya ko kwamfuta wadda mutum ke rubuta abin da ya shigo hannunsa da abin da ya fita, ya ware wa kowace buƙata rabonta, ya kuma bi diddigin bashin da ake binsa da wanda yake bin wasu. Lissafin da ke cikinta bai wuce tarawa da ɗebewa da fitar da kaso ba. Abin da ke ba masu tsara ta wuya shi ne yadda mutum zai ci gaba da rubutawa bayan zumuɗin makon farko ya kwanta, da yadda alƙaluman za su tsaya daidai har ya amince da su.

Asali

Tushenta tsohuwar ƙa'idar 'yan kasuwa ce ta rubuta kowane kuɗi sau biyu, inda ya fito da inda ya tafi, wadda masanin lissafi ɗan Italiya Luca Pacioli ya wallafa bayaninta a Venis a 1494. VisiCalc, jadawalin lissafi na kwamfuta da ya fito a 1979, ya sauƙaƙa wannan aiki a ƙananan kwamfutoci. Kamfanin Intuit ya fitar da manhajar lissafin kuɗi ta Quicken a farkon shekarun 1980, Microsoft Money ya biyo baya a 1991 kafin a daina sayar da shi a 2009. Manhajar kasafi ta YNAB (You Need A Budget) ta fara ne a 2004 a matsayin jadawalin lissafi kawai. Mint, wadda ta fito a 2007, ta yi suna wajen janyo bayanai kai tsaye daga asusun banki. Intuit ya saye ta a 2009, ya rufe ta a 2024.

Tsarin bayanai

Abu huɗu sun wadatar: asusu (kuɗin hannu, banki, katin bashi), rukunin kashewa (haya, sufuri, magani), ma'amala, da bashi. Kowace ma'amala tana ɗauke da adadi, rana, asusu da rukuni. Ragowar kuɗi kuwa an fi son a lissafo ta daga jerin ma'amaloli duk lokacin da aka buƙata, domin idan aka ajiye ta daban, gyaran kuskure ɗaya na watan jiya zai bar ta a karkace.

Akwai tarkon da sababbin masu rubuta manhaja ke yawan faɗawa. Kwamfuta ba ta iya riƙe wasu lambobi masu ɗigo cif-cif. A yawancin harsunan shirya manhaja, 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004. Ɓaraka ce 'yar mitsitsiya, amma tana taruwa. Maganinta shi ne a ajiye kuɗi da mafi ƙanƙantar ɓangarensa a matsayin cikakkiyar lamba, wato 12.50 ya zama 1250. Sai dai ba kowane kuɗi ke rabuwa ɗari ba: yen na Japan ba shi da lamba bayan ɗigo, dinarin Kuwait kuwa uku gare shi.

Hanyoyin kasafi

Hanyar ambulan ita ce mafi sauƙin ganewa: kowane rukuni da aljihunsa, in ya ƙare ya ƙare, sai dai a ɗebo daga wani da sani. Ta biyu ita ce a raba duk kuɗin shiga har ba sauran wanda ba shi da aiki. Ta uku, 50/30/20, wadda Ba'amurkiya Elizabeth Warren da 'yarta Amelia Warren Tyagi suka yayata a 2005, tana ba larura kashi 50, sha'awa 30, tanadi da rage bashi 20. Wannan rabon ya fi zama ga mai tsayayyen albashi. Wanda samunsa ke hawa da sauka, gara manhajar ta kasafta masa abin da ya riga ya shigo hannu maimakon wanda ake sa rai.

Bashi

Nan ne ƙananan manhajoji suka fi yin tuntuɓe. Mutum ya sayi kaya da katin bashi, aka rubuta an kashe. Ƙarshen wata ya biya katin, aka sake rubutawa an kashe. Kuɗi ɗaya ya fita sau biyu ke nan a rahoto. Biyan uwar bashi sauya wa kuɗi asusu ne. Kuɗin ruwa da tarar jinkiri su ne kashewa ta gaskiya, don haka dole a raba su. Haka ma rancen da mutum ya karɓa ba kuɗin shiga ba ne, ko da ya ƙara nauyin aljihu.

Kowane bashi yana buƙatar uwar kuɗi, kason ruwa, mafi ƙarancin biya da ranar biya. Gurbin ruwa ya kamata ya karɓi sifili, saboda bashi da yawa tsakanin dangi da abokai ba shi da ruwa, abin da ake buƙata a kansa tunatarwa ce kawai.

Idan basussuka sun yi yawa, tsari biyu aka sani. A ce akwai bashin 2,000 mai ruwa kashi 10 a shekara, da na 9,000 mai kashi 24, mutum kuma yana da rarar 500 a wata. Bashi na farko yana haifar da ruwan kusan 17 a wata, na biyu 180. Zuba rarar a kan mai tsadar ruwa shi ya fi rage asara. Zuba ta a kan ƙaramin kuwa zai share shi cikin kusan wata huɗu, kuma ganin bashi ɗaya ya fita daga jeri yana ƙara wa mutum ƙwarin gwiwa. Wannan tsari na fara biyan ƙaramin bashi ne Dave Ramsey, mai ba da shawara kan harkar kuɗi a Amurka, ya shahara da koyarwa. Manhaja mai kyau tana nuna ranar gamawa da jimillar ruwa na kowanne, ta bar wa mai ita zaɓi.

Fuskar manhaja da tsaro

Mutum yana tsaye ne, hannu ɗaya riƙe da kaya, lokacin da zai rubuta abin da ya kashe. Saboda haka ana so allon lambobi ya buɗe nan take, ranar yau ta shiga da kanta, rukunan da ya saba su zo a sama. Rukuni goma sun fi arba'in amfani. Shafin farko kuma ya amsa tambaya ɗaya: nawa ya rage zuwa ƙarshen wata?

Ajiye bayanai a cikin wayar, galibi da rumbun adana bayanai mai suna SQLite, yana sa manhajar ta yi aiki ba intanet. Haɗa ta da banki yana rage rubutu, amma yana jawo nauyin doka da tsaro. A Tarayyar Turai dokar PSD2 da ta fara aiki a 2018 ce ta tsara yadda banki zai ba wata manhaja bayanan abokin hulɗa da izininsa. Kulle da lambar sirri ko zanen yatsa wajibi ne, haka ma hanyar fitar da bayanai a fayil irin CSV (jadawali na rubutu zalla da wasu manhajoji ke iya karantawa), wanda masu amfani da Mint suka buƙata lokacin da aka rufe ta suka koma wasu manhajojin.