Ma'anar Na'urar Ɗibar Jini da Kai a Lokacin Hatsarin Nukiliya

Na'urar ɗibar jini da kai wata 'yar ƙaramar aba ce da mutum yake fitar da ɗan jini daga jikinsa da ita, ba sai ma'aikacin lafiya ya nemi jijiya da allura ba. Irin wadda kamfanin Tasso na Amurka yake ƙerawa, ana manna ta a damtse a danna maɓalli, sai wani siririn tsinke ya ɗan tsaga fata, ita kuma ta zuƙo jini zuwa cikin ɗan bututu a cikin 'yan mintuna. Duk wanda ya taɓa ganin wanzami yana yin ƙaho zai gane dabarar, domin tsaga ce da zuƙa, sai dai wannan sau ɗaya ake amfani da ita a yar. Akwai wani nau'in, kamar Mitra, wanda ake huda yatsa, wani ɗan soso ya tsotsi ɗigon jini gwargwadon awo, sannan a bar shi ya bushe.

Abin da ya sa masu shirin ko-ta-kwana suka sa ido a kan waɗannan na'urori shi ne yawan mutanen da ke tururuwa bayan hatsarin nukiliya. A shekarar 1987, a birnin Goiyaniya na ƙasar Burazil, wasu mutane sun fasa wata tsohuwar na'urar kula da masu cutar daji mai ɗauke da sinadarin sisiyam-137, kuma kafin ƙura ta lafa sai da aka duba mutum wajen 112,000, aka samu 249 da sinadarin ya taɓa, huɗu suka mutu. Na'urar bincike da ake bi da ita a kan jiki tana gano burbushin sinadarin da ya maƙale a fata ko tufafi, amma ba ta iya faɗin yawan tururin nukiliya (wato hasken da sinadarin yake fitarwa wanda ido ba ya gani) da ya riga ya ratsa mutum ya wuce. Wannan labari a cikin jini yake.

Karanta shi kuwa shi ake kira bayodosimetiri, wato auna yawan tururin da jiki ya sha ta hanyar duba ɓarnar da ya bari. Hanyar da masana suka fi amincewa da ita ita ce renon fararen ƙwayoyin jini na tsawon awa 48 a ɗakin gwaje-gwaje, sannan a ƙirga kuromosom (wato zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) da suka karye suka haɗe a karkace har suka yi ƙugu biyu. Sababbin hanyoyi suna duba yadda wasu ƙwayoyin gado, irin su FDXR, suke ƙara aiki bayan tururin ya taɓa su. Abin da likita yake son sani da gaggawa shi ne ko mutum ya kai awo 2 a ma'aunin Gray, domin daga nan ɓargo yakan fara kasa samar da ƙwayoyin jini, kuma magani irin filgrastim, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan larura a 2015, ya fi amfani idan an fara shi da wuri.

Saboda haka amfanin na'urar ɗibar jini da kai yana wurin ɗiba. Ba ta auna komai da kanta, abin da take yi shi ne rage dogon layi, ta bar ma'aikatan jinya su ji da masu rauni, ta kuma ba wanda aka umarce shi da zaman gida damar aika jininsa ba tare da ya fito ba. A ganina wannan babban abu ne, ko don dubban mutanen da lafiyarsu ƙalau amma tsoro ya hana su barci.

Sai dai jinin da aka ɗiba ba duka yake zama ɗaya ba, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Busasshen jini yana jure tafiya da ajiya, shi ya sa asibitocin Nijeriya suke amfani da ɗigon jini a kan takarda wajen gwajin ƙanjamau ga jarirai, amma ƙwayoyinsa sun mutu, ba za a iya renonsu a ƙirga kuromosom ba. Wannan gwaji sai da ɗanyen jini mai rai, wanda aka sa masa maganin hana daskarewa aka kai shi da sauri ba tare da zafi ya dafa shi ba. Abin da na'urar take tarawa kaɗan ne, kuma wajibi ne a rubuta sunan mai jinin da lokacin ɗiba daidai, tun da wasu alamomin suna dusashewa a cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka nan dole a wanke fata kafin a manna ta, kada burbushi ya shiga tsagar. Wanda kuwa amai ya kama shi cikin awa ɗaya ko biyu bayan hatsarin, wannan alama ce ta cewa ya sha tururi mai yawa, kuma asibiti ya kamata a kai shi nan take ba tare da jiran sakamakon wani bututu ba.