Waiwaye: Yadda Hausa Ta Tsaya a Ƙofar Kamfani

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za ta cika taragu. Sai gyaɗa ta ba su mamaki a kakar 1912. Kuma ba takardar wani kamfani ce ta shawo kan manoma ba. Fataken goro ne suka baza yaransu ƙauye-ƙauye da gishiri da yadi da 'yan kuɗin kafin alƙalami, suna zama da manomi a gindin bishiya, suna yi masa lissafi da bakin da yake ji. Cikin irin waɗannan fatake Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, ya fito, har ya zama babban mai saya wa Turawa gyaɗa.

A cikin kantunan Turawan kuwa, Turanci ne ke mulki. Akawunansu yawanci mutanen Kudu ne da na Gwalkwas (Ghana ta yanzu) mazauna Sabon Gari, shi ya sa ko buhu ɗaya ba ya shiga sito sai ta hannun 'yan baranda. Su fataken da ajami suke rubuta bashinsu da wasiƙunsu. Amma tun da Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, boko ya zama rubutun hukuma, a hankali mai ajami ya wayi gari ana ƙirga shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Wannan yana yi mini ciwo har yau. Ko a takardun kuɗi ma, a 2007 aka cire ajami daga naira 5 zuwa 50.

Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa haka suka gaji tsarin: manaja ya rubuta da Turanci, shugaban leburori ya fassara iya abin da ya gane, 'yan cirani su yi aiki.

Yanzu kamfanin ne da kansa ya biyo mu gona. Madatsar Tiga ta 1974 ta buɗe noman rani a Kadawa da Kura, ga fadamun Haɗeja, ga riɗin Maigatari. Na taɓa halartar rabon iri da taki na wani kamfanin shinkafa a yankinmu. Yarjejeniyar da Turanci take, shafi-shafi. Wani matashi ya taƙaita ta a tsaye, dattawa suka dangwala hannu. Takarda tana maganar kilo da ma'aunin danshi, manomi kuwa buhu da tiya ya sani. Da kaka ta yi aka ɗora shanshera a sikeli, aka zaftare na danshi, wani dattijo ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, ba haka muka yi da kai ba." Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Amma da shekara ta zagayo, dillalin kasuwa ya kai wa shinkafarsa. Bashin kamfani ya maƙale, injin casa ya zauna ba abin casawa, a ofis kuma aka rubuta cewa manoma ba su da alƙawari.

A cikin masana'antar ma haka ne. Yaron da ya fara jin ƙarar inji ta sauya shi ne ke yin shiru a taron safe, don kada a yi wa Turancinsa dariya, sai bel ya tsinke a tsaya kwana biyu ana jiran makanike daga Kano. Alhali kamfanonin nan sun san amfanin Hausa sarai, da ita suke talla a rediyo, har da kirari da kiɗan kalangu.

A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Dalilan suna da yawa, amma duk wanda ya leƙa rumfar mai maganin feshi ranar kasuwa zai ga yawancin kwalaben da Turanci aka rubuta awon da ya kamata a zuba, mai saye kuma da murfin kwalbar yake aunawa.