Mene ne zanen bugu, kuma me ya haɗa shi da motar haya?

Masu fasahar zane a Garwa, Marwa da Njamena, waɗanda akasarinsu da Faransanci suka yi karatu, suna kiran wannan sana'a gravure, mu kuwa a nan za mu ce zanen bugu. Abin da ake nufi shi ne zanen da ba a yi shi kai tsaye a kan takarda ba, sai an sassaƙa shi a kan allon katako, ko ƙarfe, ko ledar shimfiɗa mai kauri da ake kira lino, a shafa masa tawada, sannan a danna takarda a kai ta ɗauki hoton. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sassaƙa hatimi a ƙofar ma'aikatu ya riga ya ga tushen aikin.

A salon katako da lino, mai zane yana kankare duk wurin da yake so ya fito fari, ya bar wurin da zai sha tawada. Kuskure ba ya gyaruwa, domin abin da wuƙa ta cire ya tafi ke nan. Haka kuma komai a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. Saboda haka wanda zai zana bas ɗin da ke jigila tsakanin Marwa da Kusiri dole ya sassaƙa rubutun jikin motar a baibai, ya kuma zaunar da direba a ɗaya ɓangaren, in ba haka ba hoton zai nuna sitiyari a hannun dama, alhali a Kamaru da Chadi a hagu yake. Ba lallai ne a mallaki inji ba. Bayan cokali ma yana isa a murza takardar da shi.

Daga allo ɗaya ana buga kwafi da yawa, kuma kowanne asali ne a idon masana, ba a ɗaukarsa kamar na fotokofi. Shi ya sa ake rubuta lamba da fensir a ƙasan hoton: 7/30 na nufin bugu na bakwai cikin talatin da aka yi.

Dangantakar wannan fasaha da abin hawan jama'a tsohuwa ce. Bayan Alois Senefelder ya ƙirƙiro bugun dutse, wato wanda ake yin zanen a kan allon dutse, a Jamus a 1796, Honoré Daumier na Faransa ya yi zane kusan 4,000 ta wannan hanya, ciki har da jerin da ya fitar a 1843 kan matafiya jirgin ƙasa. A shekarun 1930 kuma mai zane Cyril Power na Ingila ya sassaƙa fasinjojin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan a kan lino, kowa ya rufe fuska da jarida.

A ganina, dalilin dacewar su biyun a fili yake. A cikin mota ba a samun sukunin zana ƙananan abubuwa, sai dai mai zane ya yi saurin kama siffar mutane a littafinsa, ya koma gida ya sassaƙa a natse. Ita ma wuƙar ba ta son ƙananan abubuwa, ta fi son manyan siffofi: kafaɗar da ta jingina da ta baƙo, goyo a bayan uwa, buhunan albasa a kan rufin mota, hannun mai talla da ya shigo ta taga. Jirgin dare daga Ngaundere zuwa Yawunde, tafiyar fiye da kilomita 600 a layin da ya iso Ngaundere a 1974, ya ishi mai zane aikin shekara, balle tashoshin mota da 'yan babur, waɗanda a Njamena ake kira klando.

Akwai kuma batun farashi. Tunda wahalar sassaƙa allo ɗaya tana rabuwa kan kwafi masu yawa, kuɗin kowane hoto yana sauka ƙasa da na zanen fenti guda tilo, har malamin makaranta ko direban da aka zana yana iya saya ya rataye a ɗakinsa.