Kaskon dankali da sosej da cuku: abin lura kafin a ɗora a wuta

Akwai wani girki da ya samo asali daga gidajen Amurka da Turai wanda yanzu ya fara shiga kicin ɗin ma'aikata a biranenmu, wato dankalin Turawa da sosej da ake soyawa a kasko ɗaya, sannan a barbaɗa cuku a kai ya narke. A can abincin daren ranakun aiki ne, na wanda ya dawo gida a gajiye yana son abin da zai nuna cikin minti 30 zuwa 40 ba tare da tara kwanukan wanke-wanke ba. Wannan dalili ne ya sa matanmu ma'aikata suka karɓe shi, kuma a matsayina na ma'aikaciyar lafiya ba na ganin laifinsu, domin na san yadda ake isowa gida dab da magariba a tarar da yara suna jiran abinci. Damuwata ita ce yadda ake kwaikwayon girkin da ma'auninsa na asali, inda sosej ke kusan yin kankankan da dankali, cuku kuma ya rufe kaskon gaba ɗaya.

Kwanakin baya wata malamar makaranta da ke zuwa gwajin hawan jini a wurinmu ta ce mini ta daina zuba gishiri a miya kamar yadda aka umarce ta, amma awon nata ya ƙi sauka. Da muka bi abin da take ci a mako, sai ya bayyana cewa wannan kasko yana hawa wuta a gidanta sau uku. Na roƙe ta ta zo mini da ledar sosej ɗin, ta kuwa kawo ta a naɗe cikin jakarta, muka shimfiɗa ta a kan tebur muka karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. Ta ce, "Malama, ai ban ga inda aka rubuta gishiri ba." Na ce mata, "Hajiya, ga shi nan, da sunan sodiyam aka rubuta shi." Hanyar lissafin mai sauƙi ce: a ninka adadin sodiyam sau biyu da rabi, shi ne adadin gishiri. Idan an rubuta miligiram 800 na sodiyam a cikin giram 100, to gishirin da ke ciki giram 2 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan ya haɗa da na cikin burodi da dunƙulen magi da duk abin gwangwani. Cukun da aka fi amfani da shi a wannan girki, irin na Cheddar wanda ya ɗauko sunansa daga wani ƙauye a Ingila, shi ma da gishiri ake sarrafa shi. Idan aka haɗa sosej da cuku, aka ƙara dunƙule biyu da barbaɗen gishiri, faranti ɗaya na iya cinye mafi yawan rabon mutum na yini guda.

Sosej niƙaƙƙen nama ne da kitse da aka cusa a hanji ko a wata fata ta masana'anta, kuma yawancinsa ana sa masa gishiri da sinadarin naitirait ko a yi masa hayaƙi don ya daɗe bai lalace ba. A watan Oktoba na 2015, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya irin wannan sarrafaffen nama a rukuni na farko na abubuwan da ke haddasa cutar daji, ta kuma bayyana cewa cin giram 50 a kowace rana yana ƙara haɗarin dajin babban hanji da kimanin kashi 18 cikin 100. Ya kamata a fahimci wannan magana daidai, domin an sha juya ta. Kasancewarsa rukuni ɗaya da taba yana nufin hujjar ta tabbata, ba yana nufin girman illarsu ɗaya ba ne. Giram 50 kuwa bai wuce silin sosej guda matsakaici ba, kuma abin da ake magana a kai shi ne mayar da shi abincin kullum. Saboda haka shawarar da nake ba iyalai ita ce a bar wannan kasko ya zama na jefi-jefi, a kuma ɗauki sosej a matsayin abin ƙamshi da ɗanɗano, kamar yadda muke sa busasshen kifi a miya.

Kafin a saya, a karanta abin da aka haɗa shi da shi, domin a ƙasashen da girkin ya fito yawancin sosej na naman alade ne, kuma ko wanda aka rubuta na saniya ko na kaza ana iya cusa shi a hanjin alade. A nemi shaidar halal, a duba ranar lalacewa, a Najeriya kuma a duba lambar rajistar NAFDAC. Sannan a taɓa ledar. Idan ta kumbura, ko akwai yauƙi a jikin naman, ko ƙanƙara ta taru a ciki alamar ya narke an sake daskarar da shi, a ajiye shi. A wurin da wutar lantarki ke ɗaukewa na sa'o'i masu yawa, wannan dubawa ta fi komai muhimmanci. Ƙwayar cutar listeriya tana iya hayayyafa ko a cikin sanyin firij, kuma ita ce ta haddasa annobar da aka yi a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018, inda mutum fiye da 1,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu, cikinsu har da jarirai da yawa, aka kuma gano tushenta a wani sarrafaffen nama da ake ci ba tare da dafawa ba. Don haka mai juna biyu, da tsoho, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kada su ci sosej sai an dafa shi ya yi zafi har cikinsa, ko da an rubuta a leda cewa dafaffe ne.

Dankali shi ne ɓangaren da na fi so a ba muhimmanci, domin yana ɗauke da fotasiyam da bitamin C, kuma muna samun sa sabo daga Filato, daga yankunan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Sai dai akwai abin da masu saye ba su cika kula da shi ba. Dankalin da ya daɗe a rana ko a haske yakan yi kore a bawo, ya kuma fitar da tsiro, kuma a waɗannan wurare ne wani dafi mai suna solanin yake taruwa, wanda ke kawo tashin zuciya da amai da ciwon ciki da gudawa. Tafasawa da suya ba sa kawar da shi. Idan koren kaɗan ne, a fere shi da kauri a ƙwaƙule idon tsiron. Idan ya mamaye dankalin, ko ya yamutse, ko aka ji ɗaci a baki, a zubar, kada a ji asarar kuɗin. A gida a ajiye shi a kwando ko buhun algarara, a wuri mai duhu da iska ke ratsawa.

Ga yadda nake koya wa mata su gyara ma'aunin. Ga iyali mai mutum shida, a ɗauki dankali kilo 1, sosej kuma kada ya wuce giram 250. A yanka dankalin ƙanana daidai da juna, a tafasa shi na minti 6 ko 7 ba tare da ya yi laushi sosai ba, a tsane shi ya sha iska, domin dankalin da aka fara tafasawa ba ya shan mai da yawa kuma yana saurin nuna. A yanka sosej siri-siri don ya bazu ko'ina, a soya shi shi kaɗai a kasko har ya yi ja ya saki kitsensa, a kwashe, a tsiyaye mafi yawan kitsen a bar kamar cokali ɗaya. A cikin wannan za a soya albasa da tafarnuwa da tattasai, a zuba dankalin a bar shi ya yi launin zinariya, kada a kai shi ga baƙi-baƙi. Daga nan sai kayan lambu, kuma a nan ne nake so a saki hannu: kabeji, karas, koren wake ko alayyafo, har su kai kusan rabin abin da ke cikin kaskon. A mayar da sosej, a sa masoro da citta da attaruhu, a ɗanɗana kafin a yi tunanin gishiri, domin sau da yawa wanda ke cikin naman ya wadatar. Idan ɗanyen sosej aka saya, dole ne ya nuna har tsakiyarsa, babu ja babu ruwan jini. Mai ma'aunin zafi ta tabbatar ya kai digiri 71 na Salshiyas, na kaza kuma 74. Cuku cikin tafin hannu ɗaya ya isa, a barbaɗa bayan an sauke, a rufe na minti 2.

Wanda ba ya son sosej ko likita ya hana shi, niƙaƙƙen naman saniya marar kitse ko tsokar kaza da aka dafa da kayan ƙamshi suna maye gurbinsa, haka ma soyayyar awara. Cukun da Buzaye da Fulani ke yi a Nijar, busasshe mai faɗi, ba ya narkewa kamar na Turawa, amma ana iya daka shi a barbaɗa. Sai dai tunda sau da yawa da ɗanyar madara ake yin sa, a zuba shi tun kaskon yana kan wuta, musamman idan akwai mai ciki a gidan. Mai ciwon suga kuma ya tuna cewa dankali sitaci ne da ke saurin ɗaga sukarin jini, don haka ya rage nasa kason ya ƙara ganye, kada kuma ya haɗa shi da burodi ko lemon kwalba.

Saura batun ragowa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, saboda haka kada a bar wannan abinci a kasko fiye da sa'a 2 bayan saukewa, a lokacin bazara kuwa, da zafi ke haura digiri 32, sa'a 1 ce iyaka. A juye shi a mazubi marar zurfi mai murfi a sa a firij, a ɗumama shi sau ɗaya kawai har tururi ya tashi daga tsakiyarsa. Gidan da ba shi da tabbacin wuta cikin dare, gara a dafa daidai cikin mutanen gida, kada a ajiye don karin kumallon yara ko a zuba musu a kular makaranta. Idan kuma wani ya fara amai ko gudawa bayan cin abincin, a fara ba shi ruwan gishiri da suga na ORS nan take, a kai shi asibiti idan akwai zazzaɓi, ko jini a bayan gida, ko kuma mai ciki ce ko ƙaramin yaro.