Waiwaye: Rigimar Inda Za a Kafa Mumbari a Majami'ar Yahudawa

A shekarar 1865 wasu malaman Yahudawa suka taru a garin Michalovce, wanda a lokacin yake ƙasar Hangari, yau kuma yana Slovakiya, suka yanke hukunci cewa bai halatta a shiga majami'ar da mumbarinta ba ya tsakiyar ɗaki ba. Wanda ya ji daga nesa sai ya ce abin bai kai ya kawo ba. Amma rigimar tana da tushe mai nisa.

Lokacin da Rumawa suka rushe Haikalin birnin Ƙudus a shekara ta 70, yanka da hadaya suka tsaya, ibada ta koma kan addu'a da karatun Attaura. Abubuwa biyu majami'a take bukata daga nan: wurin ajiye littafin, da wurin karanta shi. Na farko bai taɓa jawo gardama ba. Ana ajiye naɗaɗɗun fatun Attaura a cikin wata taska mai labule, a jikin bangon da ke fuskantar Ƙudus, da fitila a gabanta wadda ba a bari ta mutu. Yahudawan Jamus da gabashin Turai suna kiran taskar aron kodesh, waɗanda suka fito daga Andalus kuma suna cewa hekal. A majami'ar Dura-Europos ta Siriya, wadda aka yi wa ado wajen shekara ta 245 aka kuma tono a 1932, gurbin littafin yana bangon yamma, don ta nan Ƙudus take. Zanen bangonta yanzu yana gidan tarihi na Dimashƙ.

Wurin karatun shi ne inda aka sha bamban. Sunansa bima, amma tsofaffin Yahudawan Turai suna kuma ce masa almemar, kalmar da ta fito daga Larabci, tushe ɗaya da mumbarin da muka sani. Musa bin Maimun, babban malaminsu da ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa a kafa shi a tsakiya domin kowa ya ji karatu. Dalilin a fili yake. Ran Asabar, Litinin da Alhamis akan ɗauko littafin daga taska, a ratsa jama'a da shi, a kira mutane ɗaya bayan ɗaya su hau su yi albarka. Mai karatu yana cikin mutane, su kuma sun kewaye shi.

Magina sun yi ta fama da wannan, don ɗaki ɗaya ne mai wurare biyu da ke neman ido. A tsohuwar majami'ar Prague ta wajen 1270, mumbarin yana tsakanin ginshiƙai biyu. A Foland an riƙa ɗora rufin kacokan kan ginshiƙai huɗu da suka kewaye shi. Mutanen Italiya suka sa taska a wannan ƙarshe, mumbari a wancan, kujeru suna kallon juna a tsakani. A ganina nasu ya fi dabara, ko da yake wuya yakan gaji da waiwaye.

Sai shekarar 1810, a garin Seesen na Jamus, wani attajiri mai suna Israel Jacobson ya buɗe majami'a mai kayan kiɗan ogan da wa'azi da Jamusanci, ya kuma matsar da mumbari gaba, kusa da taska. Zamanin da Yahudawan Turai ke neman a ɗauke su cikakkun 'yan ƙasa ne, kuma da yawa suna son ibadarsu ta yi tsit da tsari kamar ta maƙwabta. To amma da zarar an jera benci suna kallon gaba, jama'a sun zama 'yan kallo, malami da mai rera addu'a su ne a kan dandali. Abin da Moshe Sofer, babban malamin Yahudawan Pressburg (Bratislava ta yau), da almajiransa suka ƙi ke nan: sun ce kwaikwayon coci ne. Babbar majami'ar titin Dohány a Budapest, da aka gama a 1859 mai ɗaukar mutum kusan 3,000, ta bi sabon salo. Bayan babban taron da suka yi a 1868 zuwa 1869, Yahudawan Hangari suka rabu a hukumance tsakanin masu sabon salo da masu tsohuwar hanya.

A Amurka maganar ta haɗu da ta wurin zaman mata. A 1851 jama'ar wani malami, Isaac Mayer Wise, a birnin Albany suka sayi tsohon coci, suka bar bencinsa yadda suka same shi, iyali suka fara zama tare. Masu riƙe da tsohuwar hanya har yau suna raba maza da mata da shinge ko bene.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manyan majami'un Amurka suka yi kama da zauren taro, kamar wadda mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya tsara a garin Elkins Park, aka buɗe a 1959. Daga baya jikokin waɗanda suka tura mumbari gaba suka fara ƙorafin cewa malami ya yi musu nisa. A majami'u da dama an rage tsawon dandalin, an yi masa gangare saboda masu keken guragu, an sayo kujerun da ake iya ɗagawa, an janyo teburin karatu zuwa tsakiyar ɗaki.